Ruwan Djougou, Lissafin Parakou

A kewayen Djougou, yankin da kogin Ouémé ya faro, shirin bincike na AMMA-CATCH ya kakkafa ma'aunan ruwan sama da na malalar rafuka. Damina ɗaya ce a shekara, ruwanta kuwa kimanin milimita 1,200. Abin da masana ke son sani shi ne nawa ƙasa ke shanyewa, nawa kuma ke gangarawa kogi.

Kafin a gano haka sai an gina tsarin lissafi mai ɗauke da wasu lambobi da ba a sani ba. Kwamfuta za ta yi ta sauya su tana gwadawa, har hasashenta ya kusanci abin da aka auna. Ɗalibin ƙididdiga a Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, zai iya yin wannan da manhajar R, wadda kyauta ce, ta amfani da umarnin optim. A cikinsa akwai dabarar Nelder da Mead ta 1965 da ta BFGS ta 1970.

Sai dai akwai jinkiri. Duk gwaji ɗaya, sai optim ya koma wa R ya nemi sakamako, R kuwa layi-layi yake karanta umarni, kamar tafintan da ba ya fassara sai mai magana ya numfasa. Idan bayanan ruwa na shekaru ne, gwajin kuma dubbai, ƙaramar kwamfuta sai ta wuni tana nishi.

Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba: dabarun kansu da harshen C aka rubuta su, kuma R ya bar ƙofarsu a buɗe. Wani fayil na R mai suna Applic.h ya jera su: nmmin, vmmin, cgmin, lbfgsb da samin. Wanda ya rubuta lissafinsa da C zai kira su kai tsaye, ba tare da komawa wajen R a kowane zagaye ba.

Amma fa akwai sharaɗi. Mai kiran vmmin, wato dabarar BFGS, dole ya kawo nasa lissafin gangare (gradient), wanda optim kan ƙiyasta masa, kuma aikin sai R na kunne zai gudana.

Wahalar ba ta kai ribar ba. Ya kamata malaman ƙididdiga a Parakou su haɗa wa ɗalibansu R da C tun daga aji.