Gocewar Gani a Madubin Saitin Bindigar Wasa

Bindigar wasa ta airsoft, wadda ta samo asali a Japan cikin shekarun 1970, tana harba ƙwayar roba mai kaurin milimita 6. Wata matsala da ke ɓata wa maharbinta saiti ita ce gocewar gani. Idan mutum ya miƙe yatsa ya rufe idon dama, sa'an nan na hagu, zai ga kamar yatsan ya gusa. To, haka alamar saiti takan yi in ido ya kauce daga tsakiyar madubi.

Madubi mai jawo nesa kusa shi ya fi fama da wannan, domin galibi akan daidaita shi a kan yadi 100, alhali harbin wasan bai cika wuce mita 50 ba. Sai dai akwai irinsa mai abin murɗawa don gyara nisa. Shi kuwa mai jan ɗigo, wanda kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fitar a 1975, yakan nuna ɗigon tamkar yana can nesa, don haka gocewarsa kaɗan ce, sai fa in abin harbin yana dab da mutum. Haka ma mai hasken lesa irin na EOTech.

Ashe ke nan babu madubin da ya tsira sarai. Maganin tilas shi ne maharbi ya riƙa ɗora kumatunsa wuri guda a gindin bindiga kullum.