Hanyoyin Tantance Ƙuda Ɗan Fashi: Misalin Laphria flava

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana alamomin da ake bi wajen gane ƙuda ɗan fashi, wato dangin ƙwarin da masana suka sa wa suna Asilidae, wanda aka tantance fiye da nau'i 7,000 a cikinsa. An zaɓi Laphria flava a matsayin misali, saboda kamanninsa da ƙudan zuma kan sa mai nazari ya ba shi sunan da ba nasa ba, kuma kuskuren suna yakan haifar da kuskuren fassara.

Alamomin Dangi

Da farko, fukafukansa biyu ne kacal, alhali na ƙudan zuma huɗu ne. A bayansu akwai 'yan ƙulluna biyu masu kama da kan ashana, waɗanda ke daidaita masa tashi. Na biyu, akwai kwarmi a saman kansa tsakanin manyan idanunsa. Na uku, fuskarsa na ɗauke da gashi mai kauri kamar gashin baki, wanda ake ganin yana kare shi daga abin da ya kama. Bakinsa gajeren tsinke ne mai ƙarfi. Da shi yake soke ƙwaro, ya zuba masa yawun da ke shanye jiki ya narkar da ciki, sannan ya tsotse.

Alamomin Nau'i

Linnaeus ne ya fara siffanta Laphria flava a shekarar 1761. Jikinsa baƙi ne, rawayan gashi ya lulluɓe yawancinsa. Mazauninsa dazuzzukan itacen fayin ne na Turai. A Birtaniya kuwa, a tsaunukan Sikotland ake samunsa. Yakan zauna a kan kututture ko faɗaɗɗen gungume inda rana ke bugawa, yana dakon ƙwaro mai wucewa. Tsutsotsinsa suna girma a cikin mataccen itace. A Afirka, 'yan uwansa na rukunin Hyperechia suna kwaikwayon manyan ƙudajen zuma masu huda itace.

Kammalawa

Launi kaɗai ba ya isa hujja. Wajibi ne a haɗa yawan fukafukai da siffar kai da mazauni. Idan nau'o'i biyu suka yi kama ƙwarai, sai a duba jijiyoyin fiffike da al'aurar namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a yanke hukunci.