Daɓen Mabul: Tsami da Ƙura Ne Abokan Gabansa

A wasu masallatai da gidaje na Ikara, Maƙarfi da Kudan, akan tarar da daɓen mabul ya dushe bayan 'yan shekaru. Dalilin yana cikin asalin dutsen. Mabul dutsen farar ƙasa ne wanda zafi da matsi suka sāke wa siffa a ƙarƙashin ƙasa, kuma galibinsa ya samo asali daga ɓawon ƙananan halittun teku. Sinadarinsa, kalsiyam kabonet, shi ne na ɓawon ƙwai.

Duk abu mai tsami yana cin wannan sinadari. Ɗalibi ya jiƙa ɓawon ƙwai a ruwan lemun tsami, zai ga kumfa na tashi. Haka kunun tsamiya ko ruwan tumatir ke yi wa daɓen, ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa.

Ƙurar hunturu kuwa tana ɗauke da ƙwayoyin yashi. A ma'aunin tauri na Mohs, yashi na da 7, mabul kuwa kusan 3. Saboda haka takun ƙafa kan ƙura yana kankare ƙyallin.

Sai a riƙa share ƙura kullum da tsintsiya mai laushi, a goge da ruwa da sabulu kaɗan, a tsane da busasshen tsumma. Abin da ya zube kuma a ɗauke shi nan take.