Gudummawar Biki a Zamanin Tiransifa: Me Ya Sa Alat Kaɗai Bai Isa Shaida Ba?

Tun da hukumar EFCC ta fara kama masu liƙi, hirar gidajen biki ta sauya salo. A watan Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure Bobrisky, mai suna a soshiyal midiya, wata shida kan liƙi ba tare da zaɓin biyan tara ba, a 2025 kuma aka gurfanar da wasu 'yan TikTok a Kano kan laifi irin wannan. Dokar tsohuwa ce. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin shagali ko taka ta, ya kuma tanadi ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Masu cewa an hana ba da tsabar kuɗi a biki gaba ɗaya sun ƙara gishiri. Wanda ya sa gudummawarsa a ambulan ya miƙa, babu ruwan doka da shi. Wannan sashe dai ya hana sayar da takardun naira, amma har yau masu sababbin bandir suna nan a ƙofar ɗakunan taro. Da hukuma za ta bi sawun inda suke samo su da irin himmar da take bin bidiyon 'yan rawa, da an fi ganin alamar da gaske ake.

Tsoron kamu ya zo ya tarar da wani sauyi da ya riga shi. Lokacin da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, ƙarancin kuɗin farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya da gwaggo a ƙauye buɗe asusu. Yanzu a wurin dina mai gabatarwa ne ke karanto lambar asusun amarya a lasifika, a wasu wuraren ma an buga ta a allo kusa da kujerar ango. A yinin biki da taron suna, uwar biki kan damƙa wayarta ga wata ƙanwa ko aminiya mai riƙe da littafin gudummawa. Tsarin yana da kyau: babu ɗan hannu a cikin cunkoso, babu kuɗin da ya ɓata a ƙarƙashin tabarma, ɗan uwa da ke Fatakwal ko Jidda ma ya samu shiga.

Matsalar tana wurin abin da muke karɓa a matsayin shaida. Ga mai littafi zaune a ɗakin uwar biki, kiɗa na tashi a tsakar gida, mata na shigowa bibbiyu. Wata ta miƙo wayarta ta ce, “Yaya, na tura, ga rasit nan.” Mai littafi ta leƙa, ta ga koren tambari da sunan uwar biki da dubu ashirin, ta rubuta, aka yi godiya aka sa albarka. Ko kuwa wayar da ke cinyarta ta yi ƙara, ta ga saƙo da sunan banki, shi ke nan magana ta ƙare. A duka biyun babu wanda ya ga kuɗin.

Idan mutum ya tura kuɗi daga wani banki zuwa wani, umarnin kan bi ta hannun NIBSS, kamfanin da Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka, wanda ya fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Bankin mai turawa ya cire, NIBSS ya isar, bankin mai karɓa ya zuba a asusu. Sai bayan wannan ne bankin mai karɓa zai aika saƙon tes ta kamfanin layin waya. Hanya biyu ce daban. Shi ya sa kuɗi kan shiga alat bai zo ba sai da asuba, kuma shi ya sa saƙo mai kama da alat kan iya zuwa alhali sisin kwabo bai motsa ba.

A ɗauke shi kamar manomin da ke zaune a zaure, yaro ya shigo da gudu ya ce an sauke masa buhu goma na gero a rumbu. Yaron na iya zama ɗan aiken gaskiya. Yana iya makara a hanya, geron ya riga shi isa. Wani kuma na iya sa wa ɗansa riga irin ta ɗan aiken, ya koya masa abin da zai faɗa. Manomi mai hankali ba ya sa hannu a takardar karɓa sai ya taka zuwa rumbu ya leƙa. Rigar nan ita ce sunan da ke saman saƙon. Waya ba ta bincika wanda ya aiko. Idan sunan ya yi daidai da na bankinka, tana iya jera saƙon bogi a ƙarƙashin na gaskiya da ka saba samu. Hoton rasit kuwa ya fi sauƙin ƙirƙira, yaro mai wayar hannu zai sauya suna da adadi cikin 'yan mintoci.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikin kuɗin biki da ba su shiga ba, babu ɓarawo a cikin lamarin. Ranar Asabar da yamma sabis ya yi nauyi, an cire wa mai turawa kuɗi, rasit ya fito, amma umarnin tura kuɗin ya maƙale a hanya. Daga baya kuɗin ya koma asusunta, ita kuwa ba ta lura ba. Gudummawar biki a wurinmu bashi ce ta zumunci, ana rubutawa don a rama, sau da yawa har a ɗora. To ga uwar biki ta zauna lissafi bayan an kai amarya, littafi ya ce abu kaza, asusu ya ce ƙasa da haka. Kunya ba za ta bar ta ta kira matar ƙanin mijinta ta ce kuɗinki bai shigo ba. Sai ta haɗiye, ta ƙulla zato a ranta, ko kuma bayan shekara ta rama kuɗin da ba ta taɓa karɓa ba. Irin wannan shirun yana ɓata tsakanin dangi fiye da yadda asarar dubu ashirin za ta yi.

Maganin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Mai riƙe da littafi ta buɗe manhajar bankin ta duba jerin abin da ya shigo, da sunan wanda ya turo. Mai ƙaramar waya ta danna lambar bankinta ta duba ragowar kuɗi; 'yan nairorin da ake cira sun fi asarar gudummawa guda araha. Idan taro ya yi yawa, a yi alama a gefen sunan duk wadda ta biya ta waya, a bi su ɗaya bayan ɗaya da daddare. Gidan da ya ware asusu na musamman don bikin ya huta, tun da duk abin da ke ciki na taron ne. In kuma an samu saɓani, kowace tiransifa tsakanin bankuna tana da lambar shaida mai lambobi 30, galibi a ƙasan rasit. Da ita banki ke gano inda kuɗin ya tsaya, don haka ita za a roƙa a turo, cikin ladabi.

Bankuna da kamfanonin kuɗi na waya sun kashe dukiya wajen tallar buɗe asusu da Hausa a rediyo, sun baza wakilai har ƙauyuka. Bayanin yadda ake tabbatar da shigar kuɗi, da yadda ake kai ƙorafi, mafi yawansa yana nan da Turanci a cikin manhaja, inda gwaggon da aka buɗe wa asusu a 2023 ba za ta taɓa karantawa ba. Babban Banki da ya matsa wa jama'a lamba su rage mu'amala da tsabar kuɗi shi ya fi cancanta ya sa su yi wannan bayani da harshen da suka yi tallar.