Mota Mai Ɗaki, Ayari da Gayya: Tafiyar Rani Ta Kan Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin bayani a kan wata al'adar tafiya da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka, watau mutum ya mai da motarsa ɗakin kwana, ya haɗu da abokansa su shiga daji yawon shan iska, sa'an nan in wani yanayi na shekara ya zagayo su ba da ƙarfinsu ga wani aiki ba don a biya su ba. Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga kan iyakar Jibiya, inda hanyar Katsina zuwa Maraɗi take ƙetarawa cikin Jamhuriyar Nijar, domin masu irin waɗannan motoci sun taɓa ratsa wurin, kuma tun kafin su Hausawa suna da tasu tafiyar ta rani a kan wannan turba. Abin da muke son nunawa shi ne, ko wace irin tafiya ce daga cikinsu, abu biyu ne ke riƙe da ita: amincin hanya, da mai masauki a ƙarshen zango.

Mota mai ɗaki da masu ita

Abin da muke kira mota mai ɗaki shi ne motar da aka yi wa gado, da murhu, da tankin ruwa, wani lokaci har da makewayi. Wata da injinta take tafiya, wata kuwa ɗaki ne kan taya da ake ɗaura wa wata motar ta ja. Abin lura a nan, kalmar da Ingilishi ke kiran wannan ɗaki da ita, watau karaban, ita ce dai kalmar da suke fassara ayari da ita. A Ingila, da dawaki aka fara jan irin wannan ɗaki don nishaɗi, har masu sha'awarsa suka kafa ƙungiya a 1907. Daga 1951 wani kamfanin Jamus, Westfalia, ya soma gyara ƙaramar bas ɗin Volkswagen, wadda mu muka sani da suna kombi, yana sa mata gado da kabad. Wannan ce ta kai al'adar hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata.

A Amurka abin ya haɗu da yanayi. In sanyi ya shigo jihohin arewa, tsofaffin da suka bar aiki sukan gangara kudu, su yi sansani a hamadar Arizona, musamman kusa da garin Quartzsite, inda hukuma ke ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. In zafi ya taso su koma arewa. A nan ne aikin sa kai ya shigo. Tun 1970 hukumar gandayen shaƙatawa ta ƙasar take karɓar masu aikin sa kai bisa doka. Mai mota yakan zama mai kula da sansani na 'yan watanni, yana tarbar baƙi yana share wuri, ladansa kawai filin ajiye mota da ruwa da lantarki. Ƙungiyar Habitat for Humanity ma tana da rukunin masu motoci da ke sauka wuri na kimanin mako 2 su taya marasa galihu gina gida.

Amma fa kada a ɗauka duk mai kwana a mota ɗan hutu ne. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008, akwai waɗanda suka rasa gidajensu suka koma bin aikin lokaci-lokaci a mota, daga rumbunan kamfanin Amazon zuwa masana'antun sukari, kamar yadda Jessica Bruder ta bayyana a littafinta Nomadland na 2017. In da Bahaushe zai gan su, cewa zai yi 'yan cin rani ne.

Masu ratsa Sahara

A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun mai da ƙetare Sahara wani abin gwada ƙwazo. Abokai uku ko huɗu sukan haɗa kuɗi su sayi tsohuwar kombi ko Land Rover, wasu kuma su biya kujera a babbar mota ta kamfanonin Ingila masu kai mutane daga Landan har gabashin Afirka. Sukan ƙetaro teku zuwa Aljeriya, su biyo ta In Salah da Tamanrasat, su shigo Nijar ta Asamaka, su wuce Arlit zuwa Agadas. Daga Agadas hanya ta rabu. Da yawa sukan miƙe Damagaram su faɗo Kano, wasu kuwa su bi ta Tawa da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, su yi sallama da jami'an Nijar a Ɗan Isa, su shigo Nijeriya ta Magamar Jibiya. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, saboda haka wanda ya karya kumallo can yana iya cin abincin rana nan, in takardunsa sun cika: fasfo, da biza, da katin rigakafin shawara, da littafin kwastan mai nuna ba sayar da motar ya zo yi ba. Wasunsu kuwa sayarwar suka zo yi, musamman Faransawa masu koro tsofaffin Peugeot. Kafin 2 ga Afrilu 1972 har hannun tuƙi sai direba ya sake a kan iyakar, domin Nijar dama take bi, mu kuwa hagu. A Kano sukan yada zango a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke kan titin Bompai, su gyara mota su yi guzuri.

Lokacin tafiyar shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. Ba a cika shiga hamada sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sa'ad da zafi ya kwanta. To, wannan shi ne daidai lokacin da manomin ƙasar Maraɗi ya gama kai gero rumbu, ya ɗauki sanda da buta ya nufo kudu cin rani. Ke nan a layi ɗaya, a gaban jami'i ɗaya, akan sami mutum biyu da hunturu ya taso: ɗaya ya bar gida domin yana da rarar kuɗi da lokaci, ɗaya kuwa domin abin da ke rumbu ya kai iyali damina.

Namu na gida

Mu Hausawa ba baƙin wannan sha'ani ba ne, ko da yake ba mu ɗora shi kan taya ba. Ayarin fatake gida ne mai tafiya, da madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya, da mata masu girki, da zango inda ake sauke kaya. Cikin ayarin gishiri na Abzinawa Heinrich Barth ya gangaro daga Abzin, ya shigo Katsina a watan Janairu 1851. A lokacin babu wata iyakar Turawa. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata ta, aka bar Katsinawan Maraɗi a wancan gefe. Bafatake ba ya sauka gari sai a hannun mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Wannan shi ne aikin da mai kula da sansani yake yi a Amurka, illa dai namu da la'ada yake.

Ta fuskar shiga daji da abokai kuwa, muna da farautar rani, wadda samarin garuruwa ke fita da karnuka da kalangu su kwana a dawa, da kuma su, in ruwa ya ja baya. Ta fuskar aikin sa kai muna da gayya, wadda ita ma da yanayi take tafiya: noma da damina, yaɓen ɗaki da gyaran rijiya da rani, ladan kowa tuwo da fura. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ta raya tsarin samariya ta sa matasa aikin gina azuzuwa da dashen itatuwa. Masu sa kai na waje ma sun zauna a yankin. 'Yan Peace Corps na Amurka sun yi aiki a Nijar daga 1962 har Janairu 2011.

Sai dai akwai bambanci guda da bai kamata a tsallake ba. Ɗan gayya a garinsu yake aiki, kuma ya san gobe za a zo tasa gonar. Mai mota mai ɗaki baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Aikinsa yana amfani ne kawai in akwai 'yan gari da suka tsara shi kafin ya zo, za su kuma ci gaba bayan ya ɗaga. A ganinmu wannan ne ya sa rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 aka kuma fara gwada shi a jihar Katsina a 2013, ya karɓu: 'yan unguwa ne ke bi gida-gida sau ɗaya a wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5, a kan ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba.

Yadda hanya ta mutu

Motocin Turawa ba su daina zuwa don an daina ƙera su ba. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Mutanen Nijar har suka laƙaba wa yunwar lokacin sunan El-Buhari. Tawayen Abzinawa daga 1990 da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992 suka toshe hanyar ta arewa. A 2003 aka sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya, a 2008 kuma aka soke tseren motoci na Dakar. Daga nan masu ƙetare Afirka suka koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya.

Abin da ya biyo baya mu ya shafa. An sake rufe iyaka a Agusta 2019, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙame ta har Maris 2024, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba talaka damar ƙetarawa ba biza. A cikin gida, 'yan bindiga sun mamaye dazuzzukan da samari ke farauta a da. A 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, watau tafiyar ta juya arewa. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya. Baturen da aka toshe wa hanya ya sake taswira ne kurum. Mai kai tumaki kasuwar Lahadi ta Jibiya ba shi da wata taswirar.

Mu malaman kwalejojin ilimi mun ɗanɗana namu kason. Sau biyu muka shirya kai ɗalibai ganin madatsar ruwa ta Jibiya da kan iyaka, sau biyu hukumar makarantarmu ta hana, kuma ba mu ga laifinta ba. Amma sakamakon shi ne muna yaye malaman labarin ƙasa da ba su taɓa kwana a fili ba, ba su taɓa ganin turken iyaka ba, sai a allo.

An yi sulhu tsakanin al'ummar Jibiya da wasu 'yan bindiga a 2025, kuma tun Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya. In lafiya ta zauna, shawararmu ita ce kwalejoji su soma da ƙaramin abu. Bas ɗin makaranta da tabarmi da tukunya sun isa su zama mota mai ɗaki. A zaɓi hutun da ke faɗowa cikin hunturu, a tura ɗalibai 15 ko 20 da malami, su yi mako 2 suna koyar da karatu da lissafi ga yaran da gudun hijira ya raba da aji. Kafin bas ta tashi, sai an sami mai masauki, hakimi ko dagaci ko shugaban makarantar firamare, wanda shi zai faɗi aikin da ake bukata, ya nuna inda za a kwana, ya kuma ce a dakata in ya ga hanya ba ta yi kyau ba.