Kwalin da ka tura Jamus na iya jawo maka tara: Abin da masu ciniki ta intanet ya kamata su sani

Mu ƙaddara wani baduku a Kano ya samu mai saye a birnin Hamburg. An daidaita a farashi ta intanet, kuɗi sun shigo, ya naɗe jakar fata a cikin leda, ya cusa tsoffin jaridu a gefe don kada ta lanƙwashe, ya rufe kwali da salatef, ya miƙa wa kamfanin jigila. A lissafinsa ciniki ya ƙare ke nan. A idon dokar Jamus kuwa akwai sauran bashi a kansa: wa zai biya kuɗin kwashe wannan kwali da ledar da salatef ɗin bayan mai saye ya zare jakarsa ya jefa su a kwandon shara?

Amsar da Jamusawa suka bayar ita ce wadda Bahaushe ya riga ya sani: wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Duk wanda ya fara cika mazubi da kaya ya shigar da shi kasuwar ƙasar don neman riba, shi ke ɗauke da nauyin sharar da za ta biyo baya, ko a Berlin shagonsa yake ko a kasuwar Kurmi.

Asalin dokar

Tun a 1991 Jamus ta fara ɗora wa kamfanoni alhakin mazuban kayansu. Daga nan ne tsarin kwandunan shara masu launi ya kafu: ruwan ɗorawa na roba da gwangwani, shuɗi na takarda da kwali. Kuɗin kwashe mazuban da ke cikinsu daga aljihun masu kaya yake fitowa. Sai dai ’yan kasuwa da dama sun riƙa zamewa, suna barin masu biya da ɗawainiyar sharar kowa.

Don toshe wannan kafa aka yi sabuwar Dokar Mazuban Kaya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2019. Ta zo da hukuma mai mazauni a birnin Osnabrück da kuma rajista mai suna LUCID. Rajistar a buɗe take ga kowa, don haka abokin hamayya a kasuwa zai iya duba sunanka, in bai gan shi ba ya sa lauya ya aiko maka da takardar gargaɗi.

Kwali biyu, hukunci biyu

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin da dokar ta yi tsakanin kwalaye biyu da ido ba zai rarrabe su ba. Abin da take dubawa shi ne inda irin wannan kwali ya saba ƙarewa.

Na farko shi ne mazubin aike, wanda ke isa ƙofar mai saye. Kwalin badukunmu yana cikin wannan rukuni, haɗe da leda da salatef da duk abin da aka cusa don cike gurbi. Mai irin wannan kaya yana da wajibai uku. Zai yi rajista a LUCID kafin ya sayar da ko abu ɗaya, kuma rajistar kyauta ce. Zai ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikin kamfanonin da aka amince su tattara shara, ya biya gwargwadon nauyi da nau’in abin da ya tura. Sannan zai kai rahoton wannan nauyi ga kamfanin da kuma LUCID, alƙaluman su zo daidai. Dokar ba ta yafe wa mai ƙaramin jari ba: ko ƙunshi goma yake turawa a shekara, ta hau kansa. Hatta tsohon kwalin taliya da aka sake amfani da shi sai an biya masa, sai dai in akwai shaidar cewa wani ya riga ya biya.

Na biyu shi ne mazubin jigila, wanda ke yawo tsakanin ’yan kasuwa ba tare da ya isa gidan kowa ba: katakon da ake jera kaya a kai, ledar da ake naɗe shi da ita, manyan kwalayen sari da ake farkewa a bayan shago. Wannan ba a biya masa kuɗin tattarawa. Wajibin da ke kansa shi ne wanda ya kawo shi ya karɓe shi kyauta a inda ya sauke kaya ko kusa da wurin, ya tabbatar an sake amfani da shi ko an sarrafa shi, ya kuma ajiye shaida. Dokar ta yarda mai sayarwa da mai sari su tsara wata hanya a tsakaninsu. Saboda haka mai fitar da buhunan zoɓo ko citta ga dillali a Jamus, ya kamata ya tabbatar yarjejeniyarsu ta fayyace wanda ke da alhakin kaya a lokacin da suka tsallaka iyaka, domin a kansa nauyin yake faɗawa.

Ƙofar da aka rufe a 2022

Daga 1 ga Yuli, 2022, rajista ta zama tilas ga kowane irin mazubi, har da na jigila. A ranar ce kuma aka wajabta wa kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay da Etsy su tantance masu sayarwa a shafukansu, haka ma kamfanonin da ke ajiye kaya su aika a madadin wasu. Wanda bai cika sharuɗɗa ba, ba a yarda a baje kayansa ga masu saye a Jamus ba. Tarar rashin rajista na iya kai wa Yuro 100,000, ta ƙin shiga tsarin tattara shara kuma Yuro 200,000. Amma ga ƙaramin ɗan kasuwa da ke nesa, hukuncin da ya fi saurin isowa shi ne ya wayi gari ya tarar an sauke hajarsa daga shafi.

Turai gaba ɗaya ta bi sahu

Lamarin bai tsaya a Jamus ba. A 2021, kowane mazaunin Tarayyar Turai ya samar da kusan kilo 190 na sharar mazubai. Wannan ya sa tarayyar ta kafa doka mai lamba 2025/40, wadda ta samu ƙarfi ranar 11 ga Fabrairu, 2025, aka kuma tsayar da 12 ga Agusta, 2026 a matsayin ranar fara aiki da akasarin tanade-tanadenta. Burinta shi ne rage wannan shara da kashi 5 cikin 100 zuwa 2030, kashi 10 zuwa 2035, kashi 15 zuwa 2040, bisa ma’aunin 2018. Ta kuma tanadi cewa daga wajajen 2030 gurbin da babu kaya a cikin kwalin aike ko na jigila kada ya wuce rabinsa, kuma takarda ko ledar iska da aka cusa ana ƙirga su ne a matsayin gurbi. Zamanin tura ɗan ƙaramin kwalban turare a ƙaton kwali ya kusa wucewa.

Ko a gida iskar ta fara kaɗawa. Jihar Legas ta haramta mazuban abinci na soso a Janairun 2024, ta kuma faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya daga 1 ga Yuli, 2025. Hukumar NESREA ma tana da shirin ɗora wa masu kaya alhakin shararsu.

Ga badukun Kano, aikin bai taka kara ya karya ba. Ya auna kwalinsa da ledarsa a sikeli, ya rubuta a littafi, ya yi rajista tun kafin cinikin farko, ya saka kuɗin sharar a cikin farashi kamar yadda yake saka kuɗin fata da zare. Wanda ya yi haka zai kuma gane cewa kwali daidai da kaya ya fi arha wajen jigila. Wanda ya bari sai an sauke masa haja kuwa, zai nemo masu sayen da ya sha wahalar tarawa ya tarar sun koma wani shago.