Daga kududdufan kuza na Kuru zuwa katafila mai batir: abin da ke cin caji alhali inji na tsaye

Duk jami'in da ya taɓa zuwa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa da ke Kuru, wadda aka kafa a 1979, ya ga kududdufan da ke warwatse tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Ramukan haƙar kuza ne, kuma yawancin manyansu injuna ne suka yi su. Tun a shekarun 1920 kamfanonin Turawa suka fara jan wuta daga faɗuwar ruwan Kwall, sannan kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya kama ruwan Kurra ya riƙa ciyar da famfunan tsotse tsakuwa da manyan injunan haƙa. Wato tun kafin yawancin biranen ƙasar nan su ga fitilar kwan lantarki, a tsaunin Jos ana haƙa ƙasa da wuta.

Waɗancan injuna da waya suke jan wuta. Idan aka kashe makunni, magana ta ƙare. Na yanzu kuwa batir suke goyo. Kamfanin JCB na Ingila ya fito da ƙaramin injin haƙa mai batir a 2019, Volvo na Suwidin ya biyo da nasa, kuma a wannan shekarar ce birnin Oslo na ƙasar Nowe ya gwada aikin titi da injuna masu lantarki kusan zalla. Kamfanonin Sin irin su Sany da XCMG, waɗanda injunansu suka cika ayyukan hanyoyinmu, su ma suna ƙera irinsu. Tunda Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, kuma farashin man gas ya zama ƙarfen ƙafa ga 'yan kwangila, ba da jimawa ba takardun sayen irin waɗannan injuna za su fara sauka a teburan ma'aikatu.

Masu tallar su na cewa inji mai batir ba ya ɓarna idan yana tsaye. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Katafila mai man gas kan shafe wani babban kaso na wuni tana ruri ba aiki, direba na jiran tifa ta dawo ko injiniya ya gama awo, mai na ƙonewa, agogon awoyin inji na tafiya. Motar lantarki ba ta da wannan lalura, domin tana iya tsayawa cak ta kuma tashi cikin ƙiftawar ido. Sai dai motar ba ita kaɗai ke shan wuta ba. Famfon da ke matsa man haidirolik, idan ba a saita shi ya tsaya ba, zai ci gaba da juyawa don riƙe ƙarfin hannun injin. Akwai fankokin sanyaya batir, da na'urar sanyaya ɗakin direba, da fitilu, da kwamfutar da ke lura da lafiyar batir, da na'urar da ke aika wa ofis rahoton inda injin yake. Kowanne ɗan kaɗan yake ci, amma tulun da ake ɗiba ƙarami ne. Ƙaramin injin haƙa mai batir awoyi kaɗan yake yi a caji ɗaya, don haka abin da ya zurare lokacin jira shi ne ke hana shi kai wa la'asar.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. Yawancin injunan na da saitin da ke rage gudun famfo bayan 'yan daƙiƙoƙi idan ba a taɓa sitiyarin hannu ba, da wani da ke kashe shi gaba ɗaya bayan 'yan mintuna. Direbobi sukan tsani wannan saiti, domin sun saba da cewa inji mai rai shi ne mai ƙara, kuma da yawa kan nemi a cire shi. Sanyaya ɗakin direba da batir tun injin na jone da caja da asuba na rage abin da za a ɗiba daga batir da rana. Hutun azahar kuma lokacin ƙara caji ne, in an tanadi wuta a wurin.

A nan Kuru ta yi sa'a. Batirin litiyum ya fi tsufa da wuri a cikin zafi, musamman idan an bar shi cike fal a rana. Tsaunin Jos ya haura mita 1,200, iskarsa na da sanyi, don haka fankokin ba sa wahala kamar yadda za su yi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Sanyin hunturu kan ɗan rage ƙarfin batir da sassafe, amma wannan na dawowa da zarar ya ɗumama.

Tsayuwar da ta fi haɗari a ƙasar nan ba ta minti goma ba ce. Ta wata shida ce. Kowane ma'aikacin gwamnati ya san hoton: an ba da kuɗin somin-taɓi, an kai injuna, an yi bikin aza harsashi, sai takardar biyan kuɗi ta maƙale, ko damina ta sauka, wadda a Filato kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Gireda mai man gas da ciyawa ta rufe, a sauya mata batirin tayarwa da mai, sau da yawa za ta tashi. Mai lantarki kuwa, idan an bar ƙananan na'urorinta suna tsotsa har babban batir ya faɗi ƙasa da iyakarsa, ƙwayoyin cikinsa kan lalace ta yadda ba sa gyaruwa, kuma batir na cikin sassan da suka fi tsada a jikin injin. Ƙa'idar ajiya ita ce a bar shi da caji matsakaici, kusan rabi, a kashe babban makunnin da ke raba batir da sauran jiki, a sa shi a inuwa, sannan wani ya riƙa dubawa yana ƙara caji lokaci-lokaci kamar yadda littafin kamfani ya tanada. Wannan "wani" shi ne matsalar, domin idan aiki ya tsaya, mai gadi kaɗai ake bari.

Shi ya sa batun ya fi shafar mai rubuta takardar kwangila fiye da makanike. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ba ma'aikatu damar gindaya sharuɗɗan fasaha. Ana iya neman mai sayarwa ya bayyana yawan wutar da injin ke ci yana tsaye, da tsawon lokacin da zai iya zama ba caji, da abin da ke soke garantin batir. Ana kuma iya fayyace wanda zai ɗauki asarar batir idan gwamnati ce ta jinkirta biya. Hanyar Akwanga zuwa Jos, Bauchi da Gombe, wadda ke cikin manyan ayyukan da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sa a gaba, ta gefen Kuru take ratsawa, kuma aiki ne da zai ga damina fiye da ɗaya.

A Jihar Nasarawa mai maƙwabtaka an buɗe masana'antar sarrafa litiyum a 2024. Batirin da za a ƙera da shi a waje, idan ya dawo a cikin katafila, da dala za a biya, haka ma wanda za a sayo don maye gurbinsa.